Idon Sawun Yayanki Na Hagu

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farko a kan ƙasar da ta tsattsage, inuwar da nake nufa in rana ta take tsaka, Malamata, wadda ta fi kowa iya auna ni,

Sallama irin ta mai laifi, wanda ya tsaya a bakin ƙofa bai san ko za a ce masa ya shigo ba. Da baki na so in gaya miki wannan magana, amma likita ya ɗaure min muƙamuƙi da waya, sama da ƙasa, ya ce sai bayan mako shida. Abincina ta siririn bututu yake wucewa. Haƙarƙarina uku sun karye, in na ja numfashi sai in ji kamar ana murɗa min wuƙa a ƙirji. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sakat shi ne yau kwana goma sha ɗaya ina aiko miki da saƙo, ina ganin alamar kin buɗe, ko harafi ɗaya ba ki mayar min ba. Waɗanda suka doke ni sun gaji sun tafi gidajensu. Shirunki kuwa kullum sai ya dawo da safe ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ya ke farin watana, kin tuna ranar Asabar ɗin da kika kawo wa yayanki Tsinke ziyara a gidan da muke zaune ni da shi? Shekara uku muna buga wa kulob ɗaya, ni a baya, shi a gaba, kicin ɗaya, wanki ɗaya, rigima ɗaya a kan wanda ya bar kwano a jiƙe. A makon ne aka tabbatar ƙasarku da tamu za su haɗu a wasan ƙarshe, a filinmu, kuma gurbi ɗaya ne tak a babbar gasa. Mu canjaras ya ishe mu, ku sai kun ci. Muka fara musu ni da shi, kowa yana ɗaga murya, ke kina gyaran takardun lissafin ɗalibanki a gefen tebur. Da kika gaji da hayaniyarmu sai kika ture takardun, kika tattaro marafan kwalba ashirin da biyu, kika jera goma sha ɗaya a kife, goma sha ɗaya a buɗe, kika ce, "Ku yi min shiru, in koya muku aikinku."

Da masu tsaron raga kika fara. Kika ce namu, Dogo, ya haura shekara talatin da bakwai, gwiwarsa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma ya san inda ƙwallo za ta faɗa tun ba a buga ta ba. Naku yaro ne mai tsalle kamar kyanwa, sai dai in aka jefo ƙwallo ta sama cikin cunkoso yakan rufe ido. Kika ba mu wannan. Kika zo tsakiya, kika ɗora yatsa a kan tagwayen nan naku, waɗanda suke miƙa wa juna ƙwallo ba tare da sun ɗaga kai ba, kika ce namu 'yan tsakiyar kuwa da a wurin gini aka kai su da sun yi suna, don ɗaukar kaya suka iya, ba su iya ajiyewa ba. A gaba ba ki ma tsaya bayani ba. Yayanki ƙwallo goma sha ɗaya a wasa tara, namu ɗan gaban rabonsa da raga har ya manta launinta. Da na ce to benci fa, sai kika ce a naku bencin akwai mutum biyar da za su fara wasa a ƙungiyarmu gobe da safe, namu kuwa benci ne kawai, katako.

Sannan kika ɗauko marfin da yake tsakiyar bayanmu, wato nawa, kika juya shi a tafin hannunki, kika kalle ni ta ƙasan ido. "Wannan shi ake ce wa Guduma," kika ce. "Ƙato ne, ba wanda ke cin sa a sama, kuma ba laifi, yana da kyau. Amma kafin ya juya, yayana ya je ya sha ruwa ya dawo." Kika ɗalle shi da farce ya faɗa ƙarƙashin kujera. Tsinke ya yi dariya har ya zame ƙasa. Ni kuwa dariyarki nake kallo, yadda take farawa daga ido kafin ta sauko baki, kamar walƙiyar da ke riga tsawa isowa. Bakwai da huɗu kika ba mu, wuri bakwai kun fi mu, huɗu mun fi ku. Na yi fushi a baki, a zuciya kuwa na yarda a ci ni goma sha ɗaya da babu, in dai ke ce mai ƙirga.

Da na raka ki bakin titi ne kika daina dariya. Kika ce, "Ka hana shi ci in za ka iya, aikinka ne, ba zan ji haushi ba. Amma ka dawo min da shi yadda ka same shi." Na ce na yi alkawari. Na faɗa da sauƙi, kamar mai cewa sai da safe.

Hasken raina, bari in gaya miki abin da ba a nuna a talabijin ba.

Da muka shiga sansani, koci ya tara mu a gaban farin allo, ya jera sunayen 'yan wasanku a dama, namu a hagu. Mutumin da ya yi shekara talatin a harkar nan, da mataimaka huɗu da na'urori, bai wuce inda kika kai da marafan kwalba ba. Bakwai da huɗu shi ma ya samu. Bayan an watse ya ce in tsaya. Ya rufe ƙofa, ya zagaye lamba tara, wato yayanki, da jan alƙalami a takardar hannunsa har ta huje, ya ce, "Da ɗan gari akan ci gari. An ce kai ka kai shi asibiti bara da aka yi masa aiki a idon sawu. Na dama ne ko na hagu?"

Na hagu ne, kin sani. Ni na goya shi na hau da shi bene wata biyu. Ni na riƙa zuba ƙanƙara a roba ina tsoma masa ƙafar, yana zagina yana kuka. Na san inda ɗinkin ya fara da inda ya ƙare, na san wurin da in an taɓa yake ɗauke wuta. Koci ya ce, "In aka cire wannan, lissafin ya koma daidai. Jan kati na kwana uku ne, babbar gasa kuwa ta har abada ce." Ban ce masa to ba. Amma ban ce masa a'a ba, kuma da bakina na ce na hagu ne. Tun daga nan na fara cin amanarki, ba a fili ba.

A waje kuma gari ya ɗauki zafi. Gidajen rediyo daga safe zuwa yamma ba su da magana sai wa ya fi wa, gola da gola, baya da gaba, kuma duk inda aka zagaya sai a dire a kaina. Wani ya tono cewa ina neman ƙanwar lamba tara. Aka wayi gari an rubuta da baƙin fenti a katangar mahaifiyata: surukin abokan gaba. Tsohuwar nan ta fito da soso da bokiti tana gogewa, maƙwabta suna kallo, ba wanda ya karɓe ta. Da aka aiko min da hoton, na yi ta kallonsa har ranar wasa. Ba uzuri nake kawowa ba. Ina so ne ki san da wace zuciya na ɗaura takalmi.

Kin ga wasan, ke da Babanku da sauran 'yan gida, amma talabijin ba ya kawo kowace ƙara. Ba ki ji yadda ƙashi ke haɗuwa da ƙashi ba. Ba a yi minti biyar ba ɗan tsakiyarmu ya taka ɗaya daga cikin tagwayen a ƙwauri har safarsa ta tsage, jini ya biyo. Naku suka rama a kan kyaftin ɗinmu, Kawu, aka zubar masa da haƙori, ya tofar a ciyawa ya ci gaba da gudu. Rana tana dukan kai, mutum dubu sittin suna ruri kamar kogin da ya ɓalle. Duk da haka ƙwallo tana ƙafarku. Yadda kika faɗa haka ya kasance, muna bin iska, tagwayen suna wasa da mu kamar mage da ɓera. Sau biyu yayanki ya wuce ni, sau biyu Dogo ya tare. A na biyun ne wani daga cikin 'yan kallonmu ya ƙwala min kira da sunan da aka rubuta a katanga, wasu suka amsa, har ɓangaren filin gaba ɗaya ya ɗauka.

A minti na talatin da ɗaya kuka samu bugun kwana, aka jefo ƙwallo ta sama. Muka yi tsalle tare, ni da yayanki. Jaridu sun ce tsautsayi ne, alƙalin wasa ya ba ni katin gargaɗi kawai, lauyan ƙungiya ya ce in ci gaba da cewa ban gan shi ba. Na gan shi, Malama. Shekara uku ina tsalle da shi a atisaye, ko idona a rufe na san inda fuskarsa take. Na ja gwiwar hannuna baya, na auna, na sake ta da dukan ƙarfina. Na ji girarsa ta fashe. Ya faɗo kamar an sare reshe, jini ya rufe masa ido, ya sauko har cikin rigarsa. Filin ya ɗauki tafi, ana kiran sunana na gaskiya a karo na farko a ranar. Kuma, Allah ya yafe min, na ɗan lokaci na ji daɗi.

Da masu magani suka ɗago shi, sai ya neme ni da idon da jini bai rufe ba. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Tana kallo fa."

A hutun rabin lokaci koci ya dafa kafaɗata ya ce, "Fuska ba ta cin ƙwallo. Ka san wurin da na ce." Yayanki kuwa ya dawo da ɗinki bakwai da farin bandeji a kai, bai nemi a canza shi ba.

Har minti na tamanin da huɗu ba ci. Saura minti shida mu tafi babbar gasa. Sai tagwayen suka zura masa wata ƙwallo ta tsakaninmu, ya ɓalle, ni kaɗai a bayansa, taku ɗaya tsakaninmu. Ƙafarsa ta hagu ce a ƙasa, a gabana, a buɗe, kamar an ajiye min. Ban taɓa ganin abu tar haka ba, har zanen safarsa ina gani. Filin duka murya ɗaya, sare shi, sare shi. Da na miƙe ƙafa biyu na zube a kai, da an gama. A kore ni, a ɗauke shi a makara ta marasa lafiya, mu tsira da canjaras, a sa hotona a bangon kowane shagon aski. Jikina ya riga ya fara sunkuyawa. Sai tafin hannuna ya tuna nauyin wannan ƙafar a cikin ruwan ƙanƙara. Ban zube ba. Na bi shi a tsaye, na nemi ƙwallo da gaskiya, ya kuwa bar ni kamar na tsaya sayen wani abu. Ya aika ta kusurwar da Dogo ba zai kai ba.

Kada ki ɗauke ni gwarzo saboda wannan. Wanda bai karya ƙafar abokinsa ba bai yi abin yabo ba, abin da ya kamata ne kawai ya yi, kuma a makare.

A ɗakin canza kaya ba wanda ya kalle ni. Koci ya jefe ni da gorar ruwa, ta fashe a bango. Kawu ya zauna da auduga a baki, kansa a ƙasa, shi da wannan ce damarsa ta ƙarshe. 'Yan sanda suka ce kowa ya shiga bas, ana jifa a waje. Ni kuwa mahaifiyata tana cikin filin, ta nace sai ta zo ta nuna wa duniya ɗanta ba maci amana ba ne. Na sa hula, na bi ta ƙaramar ƙofa don in kai ta mota. Mun kusa kaiwa wani ya gane ni.

Ban san yawansu ba. Na tura ta cikin motar, na rufe ƙofa, na jingina bayana a kai. Dutse na farko a kafaɗa ya same ni. Sai sanduna, sai ƙafar kujerar da aka ɓalle daga filin. Wani matashi sanye da rigar ƙasa mai lambata a baya, lambata fa, shi ya ɗago rabin bulo da hannu biyu ya sauke min a fuska. Na ji muƙamuƙina ya goce, bakina ya cika da jini da gutsattsarin haƙori. Da na kai ƙasa suka koma shuri. Ina jin Inna tana dukan gilashi daga ciki tana kiran sunana na yarinta. Daga nan sai na ji wani nauyi ya faɗo a kaina ya lulluɓe ni. Kawu ne. Mutumin da na hana shi burinsa na shekara goma sha biyar, shi ya diro daga bas ya kwanta a kaina, ya sha dukan da ya rage har 'yan sanda suka iso. Yana gadon da ke kusa da nawa yanzu, hannunsa a ɗaure. Har yau bai yi min maganar wasan ba, sai dai in ya ga ina fama da bututu ya ce, "Ɗan banza, a hankali, ba tsere ake ba."

Jiya da hantsi yayanki ya shigo, hula har gira, ya tsallako iyaka ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya gaida Inna har ƙasa. Ya zauna a bakin gadona, ya jawo lemon da 'yan dubiya suka kawo, ya ɓare ya shanye guda huɗu a gabana, ya ce ai taimakona yake yi. Na rubuta masa a takarda cewa da gangan na yi. Ya karanta ya ce, "Na sani tun kafin in kai ƙasa." Na rubuta masa cewa ni na gaya wa koci wace ƙafa ce. Wannan kam ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, "Wannan sai a hankali. Girar na yafe, ƙwallo ce. Amma ita ƙanwata ba girar ce ta dame ta ba. An maimaita wurin sau shida a talabijin, a hankali. Ta ce fuskarka ta gani lokacin da kake aunawa, kuma ba ta san mai wannan fuskar ba. Ta ce in haka kake yi wa wanda kake so in an matsa maka, ita wa zai tsaya mata ranar da aka matsa maka a gida?"

Ya ke wadda nake gani in na rufe ido, da bulo goma aka sauke min da ya fi min sauƙi a kan wannan tambaya. Me zan ce? In ce ba ni ba ne? Ni ne. In ce ba zan ƙara ba? Ai na taɓa yi miki alkawari a bakin titi, kin ga inda ya ƙare. Kina da gaskiya da kika ji tsoro. Ni ma da aka nuna min hoton na ji tsoron mutumin nan, kuma ni zan ci gaba da kwana da shi a jiki ɗaya. Amma na rantse da wanda ya halicce ki, sonki a ƙirjina ba irin wanda ke lallashi ba ne yanzu. Kamar gobarar daji yake, yana bin duk abin da ya bushe a cikina yana cinyewa, girman kan, da son tafi, da tsoron a kira ni matsoraci. Ina jin ƙaurinsu. Ban san abin da zai rage ba in ta mutu, amma ko mene ne, naki ne, in kina so.

Tunda baki ya riga ya yi ƙarya sau ɗaya, na ga gara in yi aiki. Yau da safe na rubuta takarda shafi biyu zuwa ga hukumar wasanni, na faɗi umarnin da aka ba ni, da amsar da na bayar, da abin da na yi a minti na talatin da ɗaya. Na sa hannu. Kawu ya karɓa ya karanta, ya yi tsaki, ya ce a ba shi biro, ya sa nasa a ƙasa da hannun hagu, saboda shi ma ya ji abin da koci ya ce a hutun rabin lokaci. Lauya ya ce za a dakatar da ni, kuma ko an yafe, ba zan ƙara sa rigar ƙasata ba. Rigar da na fara mafarkinta tun ina buga ƙwallon tsumma ba takalmi! Na yi kuka, waya tana yankar min dasashi. Inna ta share min da gefen mayafinta ta ce, "Riga ce. Wadda ka ɓata wa rai mutum ce."

Ba na roƙon ki yafe min yau. Ba na roƙon ki zo ki ga wannan fuskar da ta kumbura kamar an hura. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki yanke hukunci da hoton da aka maimaita sau shida kawai. Ki ba ni lokaci ki kalle ni a hankali, wata shida, shekara, yadda kika ga dama, a ranar da na ci da ranar da aka ci ni, ranar da aka zage ni a titi da ranar da na gaji. Ki sa Baba ya bincika, ki sa yayanki ya zama ɗan rahotonki, tunda gida ɗaya za mu koma in ya yarda. In kin ga mai waccan fuskar ya sake leƙowa ko sau ɗaya, ki rufe ƙofarki, ni da kaina zan ce kin yi daidai.

Tsinke, da ya kwana a garin nan, yana tsaye a bakin ƙofa yana nuna min agogo, motarsa za ta tashi. Shi zai kawo miki wannan takarda hannu da hannu. Ya ce in kin yayyaga ta zai tsince ya liƙa ya sake miƙo miki, amma sau ɗaya kawai, don shi ɗan gaba ne, ba masinja ba.

Ko kin amsa ko ba ki amsa ba, ba zan nemi wata ba, ba zan kalli wata ba. Ina nan inda kika bar ni, har ranar da za ki ce in taso, ko ranar da za a ɗauke ni.

Naki, da abin da ya karye da abin da ya saura,

Guduma